Sunan da Ya Ƙi Fita Bakina

Iliya, da ku 'ya'yansa idan kun girma kun iya karanta Hausa, ku ji wannan daga bakina, don na gaji da jin sa a karkace. A majami'a an ce na kori yayarka daga gida. A wajen wani biki a Edmonton, nan London, na ji wata da ko gidana ba ta sani ba tana rantsuwa wai shekara biyu muka yi ba ma ga-maciji da juna. Ban kori kowa ba, kuma ba shekara biyu ba ce, wata bakwai ne. Amma a wata bakwai ɗin nan saura ƙiris in rasa 'yata gaba ɗaya, tana raye ina raye, kuma laifin nawa ne. Kai kana wurin a farkon abin, sai dai ba ka san ƙarshensa ba, don ban taɓa gaya wa kowa ba.

Ita ce 'yata ta fari. A ƙauyenmu, can gefen Malumfashi, uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, Kirista ce ko Musulma, duk ɗaya ne. Ba ta yabonsa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, in an zo ana yabonsa sai ta kau da kai ko ta kushe shi. Kunya ce, kuma macen da ta riƙe ta har tsufa ana ganin girmanta. Ni ma 'yar fari ce. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, "ke" ce ko "waccan". Ban zauna ina tunanin ko tana ƙaunata ba, don gidan cike yake da masu gaya mini. Gwaggo za ta ce uwarki ba ta ci abinci ba jiya saboda zazzaɓinki. Kaka za ta ɗaga tuwona ta nuna mini tsokar naman da aka binne a ƙasa, ta ce wa kike tsammani ya sa miki? Shirun uwa a can yana da masu fassara shi. Ni kuwa na ɗauko shirun na hau da shi hawa na tara a Thamesmead, na baro masu fassarar a gida.

Muddin babanku yana raye abin bai fito fili ba. Shi tun a filin jirgi ya ajiye tasa kunyar. In ya dawo daga tuƙin bas sai ya ɗora ta a wuya su yi ta zagaya flat ɗin suna ihu. In na yi magana sai ya ce,

"Maman yara, wa ke kallonmu a nan? Tantabaru?"

Ni dai ban ajiye tawa ba. A asibiti ko a council, ofishin ƙaramar hukuma, in an tambaye ni sunanta sai in miƙa kati. Da matan majami'a suka fara kirana da sunanta kamar yadda ake yi, na ce a'a, ni Maman Iliya ce. Tana tsaye a gefena da na faɗi haka, shekararta goma, riƙe da jakata. Ban ko dube ta ba, don a ganina abin da kowace uwa mai mutunci za ta yi ke nan. Babanku ya rasu tana da shekara goma sha biyar, daga nan ba wanda ya ƙara ɗora ta a wuya, ba kuma wanda ya gaya mata abin da ke ƙarƙashin tuwo.

Aikina kun san shi. Shekara goma sha tara na yi a ɗakin tufafi na wani gidan wasan kwaikwayo kusa da kogi, ina ɗinki, ina faci, ina wanke jinin ƙarya daga riguna. Wasannin da suka fi yi tsofaffi ne, na shekaru ɗari huɗu da suka wuce, da wani Turanci da su kansu Turawan sai sun yi karatu suke gane shi. Sarakuna, takubba, guba a kofi. Ba na jin akwai macen da ta wanke jinin sarakuna kamar ni a garin nan. A bangon ɗakinmu akwai 'yar lasifika da ke kawo mana duk abin da ake faɗa a dandamali, don mu san lokacin da za a sauko a canza kaya. Shekarar farko hayaniya kawai nake ji. Daga baya kunnena ya buɗe, na fara gane wani abu da ya riƙa ba ni haushi. Mutanen nan ba sa gaya wa juna gaskiya. Mutum zai tsaya da matarsa ko ɗan'uwansa ya yi ta kewaye-kewaye, amma da zarar an bar shi shi kaɗai, sai ya juyo wajen 'yan kallo ya zazzage cikinsa kaf, abin da yake tsoro, wanda yake so, abin da ya yi nadama. Mutum ɗari biyar da ba su haɗa komai da shi ba sun ji, wanda ya kamata ya ji yana bayan ƙofa. A ƙarshe kowa ya mutu, a kawo mini riguna.

Da hutun makaranta ba ni da wurin barin ta, sai in tafi da ita. Kai Iliya ƙwallo ta ɗauke maka hankali, ita kuwa sai ta shige ƙarƙashin teburin yanka, cikin ƙyallaye, ta kafa wa lasifikar nan kunne. Tana da shekara goma sha biyu ta tashi wata rana ta karanto dogon jawabin wani sarki daga farko har ƙarshe, ba tuntuɓe. 'Yan wasan da ke jiran a gyara musu kaya suka yi ta tafi. Zuciyata kamar ta fashe don daɗi. Na ce,

"Ke, tashi ki tsince zaren nan da ke ƙasa."

Wadda nake gaya wa komai ita ce Memuna, mai guga. 'Yar Ghana ce, daga zangon Kumasi, Musulma, da irin Hausarsu da mace da namiji duk "shi" ne. Teburinta na kallon nawa. Duk jarrabawar da yarinyar nan ta ci, duk kyautar da aka ba ta, Memuna ta ji labari kafin in zauna. Har hotonta nake ajiyewa a akwatin allurai, in ɗauko in nuna mata, in mayar.

Ta shiga jami'a ta karanci waɗannan wasanni da waƙoƙin zamaninsu, ta yi digiri, ta ƙara, ta kuma ƙara, har ta kai wanda ake ce wa mutum dakta. Littafin da ta rubuta a kan magana ne da shiru da zancen zuci a cikinsu. Mako uku na yi ina ɗinka mata rigar da za ta sa ranar karɓar shaida, shuɗiya, da hannu na yi aikin wuyan. Na ba ka ka kai mata, ban ce daga wa ba, kamar akwai wani tela a gidan ban da ni.

Ranar, a watan Janairu, muka zauna ni da kai a babban zaure. Da aka kira sunanta kai ka miƙe kana fito da baki kamar ɗan tasha. Ni na sunkuyar da kai na dubi takalmina. Ta waiwayo daga kan dandamali, ta gan ni. Shekara ɗaya kafin nan, ranar taka, na rangaɗa guɗa har wani Bature ya zabura daga kujerarsa, kuma tana wurin. Bayan an tashi, malamarta, wata tsohuwar Baturiya mai farin gashi, ta zo ta kama hannuna da hannu biyu. Ta ce a duk shekarunta na koyarwa ba ta cika samun ɗaliba irin wannan ba, lalle ina alfahari da ita. Ni kuwa bakina ya yi abin da aka koya masa. Na yi dariya na ce ai ba wani abin kirki ta yi ba, ko shinkafa ba ta iya dafawa sai ta kama, ɗakinta kuwa kamar an yi yaƙi. A ƙauyenmu da an ce kai, wance akwai kunya. Baturiyar ta saki hannuna a hankali, ta dubi yarinyar da tausayi.

Da muka isa tashar bas ta juyo gare ni. Kun san ku biyu da Turanci kuke amsa mini ko da Hausa na yi muku magana. Ranar da Hausa ta yi, don kada in sami wurin ɓuya.

"Mama, kira sunana."

"Ke, mutane suna kallo."

"Sau ɗaya kawai. Ke kika haife ni. Kira sunana."

Kai ma ka sa baki, ka ce, "Mum, please, ki faɗa mana."

Allah shaida na buɗe baki. Harshena ya yi nauyi kamar an ɗora masa dutsen niƙa. Da na ji ba zai fita ba sai kunya ta juye ta zama fushi, kun san halina.

"Ni za ki titsiye a bakin titi? Karatun da kika yi ke nan, rashin kunya? To ba zan kira ba. Ki kai ni ƙara."

Bas ta zo, na shiga, kai ka biyo ni don kada in faɗi a kan matakala. Ita ta tsaya a wurin cikin shuɗiyar rigar, ba ta ko ɗaga hannu ba.

Na zauna jiran ta zo ta ba ni haƙuri. Wata ɗaya, wata biyu. Lokacin tana zaune a Croydon, a wani flat da take haya. Na yi dambun nama na ba ka ka kai, ka dawo da shi. Na yi miyar kuka da man shanu, irin wadda take so, ita ma ta dawo, wai ta gode, tana da abinci. Na ce oho, cikinta. A majami'a in an tambaye ni sai in ce aiki ya yi mata yawa. Gaskiyar magana ban iya barci sosai ba, hawan jinina ya tashi, na ɓata hannun riga biyu a wurin aiki, abin da ban taɓa yi ba. Amma in ɗauki waya in kira ta? Ni? Ina!

A farkon watan Agusta ka zo ka zauna a kicin, ka ƙi cin abinci, na san akwai magana. Ka ce ta sami aikin koyarwa a wata jami'a a Kanada, har ta yi booking ɗin jirgi, ƙarshen Agusta za ta tashi. Na ce Allah ya kiyaye hanya. Ka ce,

"Mum, ba ki gane ba. Ta ce ba za ta zo sallama ba. Ta ce kada in ba ki address."

Sannan ka ajiye littafinta a kan tebur, mai baƙin bango, mai nauyi kamar bulo. A shafin farko ta rubuta layi ɗaya, ka fassara mini: ga mahaifiyata, wadda a wurinta na fara sauraron shiru. Na tambaye ka yabo ne ko zagi. Ka ce kai ma ba ka sani ba. Na ce karanto mini wani wuri, ka buɗe tsakiya ka yi ta fama. Abin da na riƙe shi ne, wai a wasannin nan mai shiru kullum yana ɗauka an san abin da ke ransa, shi ya sa yake ganin ba ya bukatar faɗa. Wanda aka yi wa shirun kuwa ba shi da komai a hannu sai zato, kuma zato bai cika zaɓar alheri ba. Har da mawaƙan zamanin, wai mutum zai cika takarda da begen wata, ya goge ya gyara ya yi ta hira da zuciyarsa, ita kuwa ko labari ba ta da shi. Na ce to, Turawa da iyayi. Na tashi na wanke tukunyar da na riga na wanke.

Ranar Laraba ana wasan rana. Ina facin wata alkyabba, Memuna tana guga, lasifika tana ta yi. A wasan akwai wani mutum da ya san an shirya wa amininsa tarko. Ya tsaya shi kaɗai yana ta faɗin yadda yake ƙaunar aminin nan, yadda ba shi da kamarsa a duniya, ko ya gaya masa ko kada ya gaya masa. Na san abin da zai biyo baya, don na ji shi ya fi sau talatin: aminin zai shigo, shi kuma ya hau yi masa zancen dawakai. Haushi ya kama ni na ce wa lasifikar,

"Kai dai an yi sakarai. Ga mutum nan zai shigo, ka gaya masa mana! Mu me za mu yi maka?"

Memuna ta ajiye dutsen guga. Ba ta yi dariya ba.

"Maman Iliya, kai ma haka kake."

"Ni? Kamar yaya?"

"Shekara nawa kana gaya mini yaronka ya ci wannan, yaronka ya ci wancan? Ni ne na haife shi? Ni ɗan kallo ne kawai. Hoto yana cikin akwatin allura, yaro yana Croydon yana kuka. Wallahi kunnena ya gaji. Je ka gaya ma mai shi."

Na ce ba ta san al'adarmu ba. Ta ce su ma a zango tsofaffinsu suna yi, amma a zango akwai kaka, akwai maƙwabta, akwai mai koko a bakin hanya da zai gaya wa yaro uwarsa ta yi kuka ranar da ya tafi makaranta.

"Nan wa zai gaya masa? Lif ɗin hawa bene?"

Na yi fushi da ita har aka tashi. Da aka sauko da rigar aminin, jina-jina kamar kullum, na tsaya a bakin famfo ina cuɗa ta. Sau talatin ina zagin mutumin nan a lasifika, ban taɓa jin muryata a bakinsa ba sai ranar.

Asabar da safe na ɗaura zane na fita, ban gaya maka ba. Bas, jirgin ƙasa biyu, sannan tram, ɗan jirgin nan mai bi ta tsakiyar titi. Ban ɗauki abinci ba, da gangan, don na san in na riƙe kwano zan miƙa shi in yi shiru in ce na yi magana. A hanya na yi ta gwada sunan a zuci. A zuci yana fita sumul, ai kullum da shi nake addu'a. Da na gwada motsa leɓe a cikin tram sai na ji kamar Inna tana zaune a kujerar baya tana kallon ƙeyata.

Ginin nata irin mai ƙofar ƙarfe ne, sai ka danna lamba ka yi magana ta wani faranti mai ramuka kafin a buɗe maka daga sama. Na danna. Titin cike da mutane, ga masu jiran tram, ga wani mai shagon kayan miya yana jera tumatir yana kallona.

"Hello?"

"Ke ce?"

Ina jin numfashinta ta cikin ƙarfen.

"Mama, me kike so?"

Na ce na zo ne. Ta ce ta ji, me nake so. Na ce ta buɗe mu yi magana a ciki. Ta ce in ba ni da abin faɗa tana da kaya da za ta ɗaure. Na san in ta saki maɓallin nan shi ke nan, sai dai in ji labarinta a bakinka. Na dafa bango. Na rufe ido kamar mai shan maɗaci.

"Rifkatu."

Bai fita da kyau ba, kamar tari. Na sake, da ƙarfi, har mai tumatir ya daina abin da yake yi.

"Rifkatu! Rifkatu, 'yata, buɗe mini. Ni na ɗinka rigar nan, mako uku. Hotonki yana akwatin allurata tun kina aji ɗaya. Ba ni da abin alfahari a duniya kamar ke. Shinkafarki ma ba ta kamawa, ƙarya na yi."

Tsohuwa da ni, ina ihu a cikin faranti a titin Croydon, 'yan kallo sun kewaye ni. Ƙofar ta yi ƙara ta buɗe.

Ba mu rungumi juna ba, kada ku ƙara wa labarin gishiri. Na same ta tsaye a tsakiyar kwalaye, fuskarta jiƙe. Ta share mini kujera, ta dafa shayi. Na karɓi tef na taya ta ɗaure kwalayen littattafai, don ɗaurin da take yi ko Woolwich da ke nan kusa da gidanmu ba zai kai ba, balle Kanada. Na yi mata bayanin kunyar ɗan fari tun daga tushe. Ta ce ta sani, ta karanta a littafi tun tana jami'a, har ta tambayi babarku ƙarama a waya.

"Sanin bai hana ni jin zafi ba, Mama. Ina da shekara goma kika ce ke Maman Iliya ce."

Ban kare kaina ba. Ban kuma roƙe ta ta fasa tafiya ba, ita ma ba ta fasa ba. Abin da na samu shi ne ta rubuta mini address da hannunta, kuma ta zo Thamesmead ta yi kwana uku kafin ta tashi, ta cinye miyar kuka har da suɗe kwano. Shekarun da na bari suka wuce ba su dawo ba. 'Ya'yanta a can aka haife su, a waya na fi ganinsu, kuma na san da na buɗe baki da wuri wataƙila da a nan kusa ta nemi aiki. Yayar babanku da ta ji labari ta kira ni daga gida ta ce London ta cinye mini kunya. Na ce ta cinye, a ƙoshi lafiya.

Saura abu ɗaya, shi ne dalilin rubuta wannan babi. Ranar nan a Croydon, muna cikin ɗaure kwali, ta tambaye ni ba tare da ta ɗago ba,

"Kaka ta taɓa kiran naki?"

"A'a."

"Ba ki taɓa so ta kira ba?"

Na ce haba, mu a lokacinmu wa yake tunanin wannan. Ta dube ni, ta ci gaba da aikinta. To ƙarya na yi mata, ta biyu ke nan bayan ta shinkafa, kuma wannan ban warware ta ba sai yau.

Lokacin da Inna take ciwon ajali na je gida, kai kana goye. Da rana ce, an shimfiɗa mata tabarma a inuwar ɗaki, mu bakwai mun kewaye ta. Ta bi mu ɗaya bayan ɗaya tana sa albarka, daga auta ta faro, kowa da sunansa. Ni ce a kusa da kanta, ni nake riƙe da kofin ruwan. Da ta gama da shida ta dube ni, ta daɗe tana dubana. Na ga leɓenta ya motsa. Sai ta kau da kai wajen bango ta ce,

"Da waccan."

Matan da ke wurin suka yi ta jinjina mata, kai, kunya har bakin kabari. Ni ma na yi shekaru ina ba da labarin nan da alfahari, kun sha ji. Abin da ban taɓa faɗa ba shi ne na matso da kunnena. Na matso har ruwan kofin ya zube a zanena, ina jira. Na san tana ƙaunata, duk gidan sun gaya mini, amma na so in ji daga bakinta, sau ɗaya, kamar yadda 'yata ta roƙe ni a tashar bas na ce ta kai ni ƙara.

Iliya, in ka gama karantawa ka aika wa yayarka wannan babin, kada ka fassara mata, ta iya. Rifkatu, kin tambaye ni na ɓoye miki. Na so. Sunana Asabe, kuma har yau in na ji an kira shi daga bayana da muryar tsohuwa, sai na waiwaya.